Kafin ka kira mai amalanke ya kwashe ɓaraguzai, ga yadda ake tattalin kayan gini

Daminar 2022 ba za mu manta da ita ba a Jigawa, mu nan wajen Ringim ɗakuna biyu ne suka zauna a gidanmu cikin dare ɗaya, Allah Ya kiyaye ba kowa a ciki don tun da yamma aka ga bangon ya fara tsagewa aka kwashe yara. Da ruwa ya ɗauke abin da ya fara zuwa raina shi ne in nemo mai amalanke ya kwashe tarin ƙasar ya kai bayan gari a samu fili, sai Baffa ƙanin mahaifinmu wanda tun muna yara magini ne ya tsaya a kan tarin yace min, kai ɗan nan ina zaka kai ɗakin? Nace Baffa ai ɗaki ya rushe. Yace ya rushe amma bai je ko'ina ba, gashi nan a kwance. Wallahi maganar nan ita ta canza min lissafi gaba ɗaya, don da muka gama tayar da ɗakunan abin da muka sayo sabo bai kai rabin abin da na rubuta a takarda da farko ba. Toh abin da na koya a wajensa da wanda na ƙara gani a ginin 'yan uwa daga baya shi nake so in zayyana, ko wani zai amfana, don yanzu kowa ya san halin da ake ciki, tunda a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu 10 gini ya koma sai mai tattali.

Idan tsohon gini zaka rushe ko kuma ya faɗi da kansa, dan Allah kar ka bari a shiga da diga a hau bugu ta ko'ina. Daga sama ake farawa. A cire kwano ɗaya bayan ɗaya, a zare kusa da bakin guduma a hankali kar a yaga kwanon, a sauke katako ko azara, a ciro ƙyaure da taga da firam ɗinsu, sannan a zo kan bango. Bangon ƙasar da ya sha ruwa kuwa ba a tsayawa a gindinsa, daga nesa ake tura shi da dogon itace, kuma a kori yara daga wajen kwata-kwata, don su duk inda ake rusau nan suke son zuwa. Kana saukewa kana warewa, kwano gefe guda, katako gefe guda, ƙarfe gefe guda, kusoshi a tsohon gwangwanin fenti. In ka bari suka cakuɗe da ƙasa shikenan, babu leburan da zai zauna ya tsince maka, sai dai a kwashe duka a zubar.

Ƙasar tsohon bango ita ce abin da mutane suka fi rainawa alhali ita ce ta fi yawa kuma ita ce ta fi cin kuɗin ɗauko. Ƙasa ce da wani ya riga ya zaɓo ta tun da, ya kwaɓa, an gwada ta shekara da shekaru ta tsaya, kaga ai ta fi wadda zaka je ka haƙo yau baka san halinta ba. Yadda Baffa ya yi, ya sa muka farfasa ta da bayan fartanya muka tsince duwatsu da leda da guntun kwalba, aka tara ta aka yi rami a tsakiya aka zuba ruwa ta kwana biyu tana jiƙa, sannan aka zuba yankakkiyar ciyawa, ramno in an samu, in babu ko ƙaiƙayi da tattakar gero, aka shiga da ƙafa ana takawa ana juyawa har ta yi danƙo. Ya kan ɗebo cikin hannu ya mulmula ya sake ta daga daidai ƙirjinsa, in ta tarwatse yace yashi ya yi yawa a ƙaro jar ƙasa, in ta lotse bata tsage ba ko kaɗan yace laka ta yi yawa za ta dare in ta bushe. Da ita aka yi tubali aka shanya. Amma akwai wadda ya ware yace ba za ta koma bango ba, ita ce ta gindin bango wadda gishiri ya ci, zaka ganta fari-fari tana zuba kamar gari, da kuma ta kusa da masai. Wannan gona aka kai ta.

Abin da ya kayar mana da ɗakunan tun farko ruwa ne da ya kwanta a gindin bango kwana da kwanaki, saboda haka da za a sake tayarwa sai aka yi dabara, aka sa bulo layi huɗu daga fandisho har ya ɗago sama da inda ruwan ya tsaya, alamar ruwan na nan a jikin katangar makwabta da ita muka auna, sannan aka ɗora tubalin ƙasa a kai. Ɗan simintin da muke da ƙarfin saye ya tafi inda ake buƙatarsa, sauran kuma tsohuwar ƙasarmu ce ta koma wajenta. Ni a ganina wannan ya fi wa mai ƙaramin ƙarfi alheri akan ya dage sai ginin bulo zalla sannan ya tsaya a linta shekara biyar rana da ruwa suna cin ginin. Ga ɗakin ƙasa da sanyi lokacin bazara, wanda ya taɓa kwana a soro a watan Afrilu ya san bambancin. Kuma ƙasa ba abin kunya bace, Gidan Makama da ke cikin birnin Kano ai ginin ƙasa ne, kulawa kawai take so, yaɓe akan lokaci da indararo mai kai ruwa nesa da bango. Mutanen da har makuba suke yi da ɓawon ɗorawa su shafe bango don ruwa ya zame, har yanzu in ka tambayi tsofaffin magina akwai masu yi.

Azara kuwa in ka samu a tsohon gini ka riƙe ta da kyau. Giginya ba yau ake shuka ta gobe a sara ba, tana daɗewa kafin ta isa, kuma gara bata cika iya mata ba, shi yasa zaka rushe soron kakanka ka tarar da azarar lafiya ƙalau. Ka ƙwanƙwasa ta da guduma, in ta yi ƙara tas to da sauranta, in ta yi bif kamar ganga ta ruɓe ta ciki. Bakin da ya shiga cikin bango shi yake fara lalacewa, sai a yanke shi a yi amfani da ragowar a inda ba faɗi, kamar saman ƙofa ko taga ko rumfa.

Sai tsohon kwano, kuma anan akwai wani abu ƙarami da yake jawo yoyo mutane basa lura. Ramukan kusa a kan tudun kwano suke, wato saman ƙunyar, inda ruwa baya bi. In kafinta ya kifa kwanon ya juya shi ciki ya koma waje don wai ɗaya fuskar ta fi haske, ramukan nan sun koma cikin kwarin da ruwa yake gangarowa kenan, ruwan farko zaka fara jera kwanukan tarar yoyo a tsakar ɗaki. Don haka yadda ka sauke shi haka zaka mayar, kuma a yi ƙoƙari a jera katakon rufi daidai da tsofaffin ramukan, kusa ta koma inda ta fito, wanda ya rage a toshe da kwalta. Kafin nan ka ɗaga kowanne ka kalli rana ta cikinsa, duk inda tsatsa ta huda zaka gani. Masu kyau su hau ɗakin kwana, masu dama-dama su tafi kicin da banɗaki da turken dabbobi, wanda ya mutu murus a yi danga da shi ko a kewaye ƙananan bishiyoyi saboda awaki, in ma ba wannan 'yan gwangwan suna saye a kan sikeli. Ba kwanon da za a yar.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa ya yi hattara da shi shi ne tsohon silin ɗin nan fari mai tauri na asbesto da ake samu a tsofaffin gine-gine da makarantu. Ƙurarsa in an shaƙa tana zama a huhu, tana jawo cuta mai tsanani har da kansa, kuma sai bayan shekaru masu yawa take bayyana. Kar a yanka shi da zarto, kar a farfasa don ciko, kar a bar yara su yi allo da shi. A jiƙa shi da ruwa, a rufe hanci, a sauke shi ɗungurungum a binne a rami mai zurfi nesa da rijiya. Wannan kam ba ya cikin kayan da ake sake mora.

Toh yanzu mu zo kan sabon kaya, don asarar da ake yi anan ta ma fi ciwo tunda kuɗi ka ƙirga ka bayar. Hausawa suka ce tun ran gini ran zane, yawancin ɓarnar tun kafin a sa diga a ƙasa ake yin ta, mutum bai zauna ya yanke girman ɗaki ba, an kai taga yace a'a ƙofar nan ta koma gabas, a rushe layi shida. Ka zana a ƙasa da toka ko da igiya da turaku, ka kira maiɗakinka ta shiga ta tsaya ta nuna inda gado zai zauna da inda take son taga, a gama gardamar a ranar. Sannan ka auna ɗakin da tsawon kayan da ake sayarwa. Katako ƙafa 12 yake zuwa, in ka yi ɗakin da faɗinsa ya ɗan wuce haka kowane katako sai an yi masa ƙari, kana yanka sabo kana tara guntaye. Bulo tsawonsa inci 18 ne, a jera layin farko a bushe ba siminti a gani, in matsar da kusurwa da ɗan taƙi zai sa bulo ya ƙare cif ba sai an sara ba to a matsar, don saran da za a yi a layi ɗaya shi za a maimaita har sama.

Lissafin bulo ba wuya, kusan guda 10 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya. Ɗaki ƙafa 12 da 12 kewayensa wajen mita 15 ne, tsayi mita 3, ya zama 45, wato bulo 450, ka cire gurbin ƙofa da taga wajen 30 da ɗoriya, sai ka ƙara biyar a kowane ɗari saboda fashewa, na fandisho kuma lissafinsa daban. In kana da wannan a kanka ba wanda zai ce maka ɗaki ɗaya 700 zai ci.

Kuma maganar fashewa, mafi yawanta daga wajen bugawa take. Wasu don cin riba sai su fitar da bulo fiye da 40 a buhu ɗaya, su bashi ruwa kwana ɗaya su loda, kafin amalanke ta iso gida kwata ya zama gari, araha bata ado. In da hali ka buga naka a filin ginin, an huta da jigila, ka tsaya a kan adadin da buhu zai fitar, a ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7 kafin a taɓa. In saye zaka yi ka ɗauki ɗaya ka murza gefensa da babban yatsa, in yana zubar da yashi ka wuce gaba. Wanda ya fashe duk da haka a ware rabi-rabi a ajiye kusa da birkila don kusurwa da gefen taga, kar ya ɗauki lafiyayye ya sara alhali ga rabi a ƙasa. Ƙananan kuma su tafi ciko ƙarƙashin daɓen ɗaki, a jiƙa a daddaka su zauna sosai. Amma ban da zuba su a kwankaren fila ko linta ko dakin, wato rufin kwankare, a madadin tsakuwa, bulo ba dutse bane, irin wannan tattali, rai yake ci.

Siminti ajiyarsa ce rabin tattalinsa. Kar ya taɓa ƙasa, kar ya jingina da bango, a shimfiɗa katako a ɗora, kar a jera fiye da buhu 10 a tsaye, a rufe da leda, wanda ya fara zuwa shi za a fara buɗewa. Kuma kar ka saye shi da yawa ka ajiye don tsoron tashin farashi in ba a cikin wata biyu zuwa uku zaka yi aikin ba, yana shan danshin iska yana rage ƙarfi ko ba a buɗe ba. Wani ɗan uwanmu da ke aiki a kudu ya turo kuɗi aka saya masa buhu 30 aka zuba a zaure kafin damina, da kaka aka zo aiki na ƙasan duk sun zama dutse, har yau in na tuna abin yana min ciwo don na san yadda ya tara kuɗin. In kuɗi ya zo maka kuma baka shirya ba gara ka mayar da simintin bulo ka jera, ko ka sayi kwano da rodi, su suna jira. In ka buɗe buhu ka ga gudaji, murza da yatsa, wanda ya murje a tankaɗe a yi ƙananan aiki da shi kamar dakali, wanda ya ƙi ya bi ciko.

Wajen kwaɓi, kar a kwaɓa a kan ƙasa tsura, ƙasa na shanye ruwan simintin kuma tana shiga ciki, a shimfiɗa tsohon kwano ko a yi ɗan daɓe. Awo da kwanon sarki ake yi, ido yana ruɗi. Buhu ɗaya kusan kwano biyu ne, kwankare na yau da kullum buhu ɗaya yashi kwano 4 tsakuwa kwano 8, na jera bulo kuma buhu ɗaya yashi wajen kwano 12. Sannan a kwaɓa daidai wanda za a cinye cikin kamar awa ɗaya. Abin da na fi gani shi ne a kwaɓa buhu biyu ana saura kaɗan azahar, a tafi sallah da cin abinci, a dawo ya fara kamawa sai lebura ya watsa ruwa ya sake juyawa, a ido kamar ya dawo amma ƙarfinsa ya riga ya tafi. Kai mai gini kai zaka sa ido a nan, kace malam a dakata da kwaɓi sai an dawo. Haka da yamma, ka tanadi wani ɗan aiki da ragowar kwaɓi zai tafi, bakin rijiya ne, matakalar ƙofa ce, ko wajen wanke-wanke, don kullum sai an rage, in ba ka tanada ba a nan zai daskare.

Lokacin filasta kuwa ka tsaya ka kalli abin da ke zubowa ƙasa, zaka sha mamaki. A shimfiɗa buhunan siminti ko tsohon kwano a gindin bangon, yaro ɗaya aikinsa kenan yana kwashewa yana mayarwa cikin kwano tun da ɗanyensa. Wannan kaɗai a gida guda zai iya tsirar maka da buhu ko fiye.

Rodi tsawonsa mita 12 ne. Kafin a sa zarto a rubuta duk tsayin da ake buƙata, a fara yanke dogaye, guntayen su zama ringi, wato zoben da ake ɗaure rodin fila da linta da shi. In aka fara da yankan ringi daga sabon rodi sai a ƙare da tarin guntaye ba mai amfani. Tsatsa ta sama-sama ba komai a goge da burushin ƙarfe, amma wanda yake ɓarewa ko wanda aka ciro daga tsohon kwankare aka miƙe da guduma, wannan bagilar taga ko ƙofar turke ko murhu ya dace da shi, kar ya shiga dakin, kar ya shiga murfin sokawe inda mutane za su taka. In zaka shiga Kano sayayya, Ƙofar Ruwa akwai ƙarafa da ƙyamare da tagogi na hannu, katako kuma 'Yan Katako a Na'ibawa, ka tafi da awonka a rubuce, ya fi kyau ma ka sayi ƙofa da taga tukunna sannan birkila ya bar gurbi daidai su.

Katakon linta sau da yawa ake amfani da shi in an cire a hankali an kankare an jingine a inuwa, a shafa masa ɗan baƙin mai kafin zuba kwankare don kar ya manne. Mu da makwabta biyu katako ɗaya muka yi ta karɓa-karɓa. Sai dai wanda ya sha baƙin mai ko fenti ko maganin gara kar a kai shi murhu, hayaƙin guba ne ga mai girki. Haka buhun siminti, yana da amfani wajen rufe sabon kwankare a jiƙa shi ya riƙe danshi, ko a cika da yashi a tare ruwa a bakin ƙofa da damina, amma ban da zuba hatsi ko naɗe ƙosai da tsire.

Duk wannan ba zai yiwu ba in baku fahimci juna da ma'aikata ba. Birkilan da aka yi jinga da shi a kan kowane bulo sauri yake, ba zai sunkuya neman rabi ba, kuma ba laifinsa bane haka cinikin yake. Ka faɗa masa tun farko cikin mutunci, malam ga yadda nake so, ka sa ɗanka ko ƙaninka ya riƙa miƙo masa guntayen, in an tashi ka ɗan ƙara masa wani abu a kan tattalin da ya yi maka.

Ƙasar da aka haƙo daga fandisho da ramin masai ma a raba ta, baƙar ta sama mai taki ta tafi gona ko gindin bishiya, jar ta ƙasa ta zama ciko ko tubali, kaga an rage tifa guda kuma an rage haƙa sabon kududdufi a bayan gida, wanda da damina sauro ne da fargabar yara. Fasasshen tayil da masu shago ke sayarwa a buhu da araha shi muka jera a wajen wanke-wanke da bakin randa, Baffa ya zauna ya haɗa su baki da baki ya bar ɗan gangare zuwa rariya, ya cike tsakaninsu da ragowar kwaɓin ranar ƙarshe. Abin da ya saura bayan an gama komai bai cika baro uku ba, shi muka zuba a kwarin da ke ƙofar gida inda ruwa ke kwanciya, muka bi da jar ƙasa muka daddaka.